Me Ya Sa Mai Asma Yake Yawan Kaki?

Idan hunturu ya shigo, ƙura ta tashi, za ka ji wasu ɗalibai suna tari dare da safe. Wani tarin na mura ne, yakan wuce bayan 'yan kwanaki. Wani kuwa na cutar asma ne, wadda Hausawa suke kira fuka. Mai ita yakan ji ƙirjinsa ya cika da kaki mai kauri. Sai ya yi ta tari, amma kakin ya ƙi fita.

Kaki shi kansa ba cuta ba ne. Kowane mai lafiya yana da shi. Hanyoyin da iska take bi zuwa huhu suna fitar da wani ruwa mai yauƙi, wanda yake kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A jikin hanyoyin akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani. Su ne suke share wannan ruwa zuwa maƙogwaro, mu haɗiye shi ba tare da mun sani ba.

Hanyoyin iskar mai asma kuwa suna da saurin kamuwa. Ƙura, ko hayaƙin itace, ko na janareta, ko maganin sauro na kunnawa, duk suna iya tayar masa da ciwon. Idan ya tashi, naman da ya kewaye hanyoyin yakan tsuke, cikinsu ya kumbura, sannan kaki ya ƙaru. A nan matsalar take. Sassan da suke yin kaki sun fi yawa a jikin mai asma, kuma kakin nasa ya fi kauri da danƙo. Ƙananan gasun nan ba sa iya ture shi. Sai ya taru ya toshe hanya, kamar yadda shara take toshe kwata da damina. Iska takan matsa ta wuce da ƙyar, shi ya sa ake jin ƙirjin yana fito. Abin yakan fi tsanani da dare ko da asuba.

Mutane da yawa sukan sayi maganin tari, amma ba ya taɓa tushen ciwon. Likitoci sukan ba da maganin shaƙa iri biyu. Na farko, irin su salbutamol, yana buɗe hanya cikin 'yan mintuna. Na biyu yana rage kumburi a hankali, kuma shi ne yake rage kakin. Abin takaici, wasu sukan daina shaƙar na biyun da zarar sun ji sauƙi, sai ciwon ya dawo.

Asma ba ƙaramar cuta ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne suke da ita, kuma ta kashe mutum 455,000. Ba a ɗaukar ta daga wani, saboda haka babu dalilin gudun mai ita. Idan ciwon abokinka ya tashi a aji, ka zaunar da shi a miƙe, kada ka kwantar da shi, ka ba shi abin shaƙarsa. In ya kasa gama magana saboda haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, a kai shi asibiti nan take.