Nana Asma'u da Matan da Ta Naɗa wa Rawani

Matar aure a Rimaye ko Kusada da ke ɗaukar littafinta bayan la'asar ta nufi Islamiyya, da wuya ta san cewa wata malama ce ta share mata wannan hanya tun kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a Degel a 1793.

Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta tashi ne cikin yaƙi da ƙaura. Ta haddace Alƙur'ani, ta bi ɗariƙar Ƙadiriyya irin ta mahaifinta, ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Wannan kowa ya sani. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne dabarar da ta ɓullo da ita a zamanin ɗan'uwanta Muhammadu Bello.

Matan karkara a lokacin, musamman waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, in ciwo ko baƙin ciki ya same su wurin 'yan bori suke zuwa. Asma'u ba ta tsaya ga tsangwama ba. Sai ta riƙa zaɓo dattijuwa mai hankali daga kowane ƙauye, ta karantar da ita, ta ɗora mata malafa, ta naɗa mata jan rawani, ta zama jaji. Malafa kuwa, da ita aka san Innar Gobir, shugabar bori. Ke nan matan sun ga kwalliyar da suka saba girmamawa, amma a kan mai koyar da alwala da salla da zikiri. A ganina nan basirarta take.

Jaji takan jagoranci ayarin 'yan mata da tsofaffi a ƙafa zuwa Sakkwato, tunda masu goyo da hidimar miji ba sa iya barin gida. Su zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu, Asma'u ta rabar wa mabuƙata. Su kuma su koma da waƙoƙi a ka, su zauna tsakar gida ana daka ana kaɗi suna biya wa matan aure. Su ne 'Yan Taru. A wata waƙarta, Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta jero waliyyai mata, har da Rabi'atul Adawiyya ta Basra, don mace ta ji cewa neman kusanci ga Allah ba na maza kaɗai ba ne.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru.