Abin Da Ke Hana Tsohuwar Mota Mai Injekta Tashi Ko Tsayawa A Sulo

Da wuya a shiga garejin kanikawa a garuruwanmu ba a tarar da tsohuwar mota da aka kawo saboda ɗayan matsaloli biyu ba. Ko dai tana wahalar tashi, ko kuma ta tashi amma da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi karkarwa ta mutu, wato ta ƙi tsayawa a sulo. Idan motar mai kafireto ce, irin Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna a shekarun baya, kowane bakanike ya san inda zai taɓa. Amma idan mai injekta ce, kamar Mercedes 190E ko Peugeot 505 GTi ko sauran motocin Kwatano na shekarun 1980 da 1990, sau da yawa sai a shiga canke. A sauya wannan, a sauya wancan, kuɗi na fita ciwo na nan. Daga ƙarshe a ba mai mota shawarar a cire injekta gaba ɗaya a ɗora kafireto.

Wannan shawara tamkar yanke ƙafa ce don ƙaya ta soke ta. Mafi yawan waɗannan matsaloli ƙananan abubuwa ne ke haddasa su, kuma ana gano su idan an bi matakai irin na likita: a saurari bayani, a duba alamu, a auna, sannan a yi magani.

Inji ma numfashi yake yi

Ɗalibin kimiyyar halittu ya san cewa jiki yana samun kuzari ne ta hanyar haɗa sukarin da ke cikin jini da iskar oksijin, sannan ya fitar da ruwa da gurɓatacciyar iska. Injin mota ma haka yake yi da fetur, sai dai shi a cikin silinda yake ƙona shi farat ɗaya da tartsatsin fulogi. Saboda haka abubuwa huɗu ne dole su haɗu kafin inji ya tashi: iska, da fetur, da tartsatsi a daidai lokacinsa, da kuma matsi a cikin silinda.

Haɗin iska da fetur yana da ma'auni. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Idan aka juya wannan zuwa lita, za a ga cewa kowace lita ɗaya ta fetur tana buƙatar kimanin lita 9,000 ta iska. In fetur ya yi yawa, mota ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, ta riƙa shan mai. In kuwa iska ce ta yi yawa, wutar ba ta kamawa sosai, inji ya riƙa tari yana neman mutuwa.

Kafireto yana yin wannan haɗi ne da zuƙar iska kawai. Injekta kuwa famfo ne ke turo fetur da ƙarfi, wasu ƙananan nozul su fesa shi a bakin kowace silinda gwargwadon iskar da aka auna. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin D-Jetronic mai aiki da lantarki a 1967 a cikin motar Volkswagen. A 1973 ya fito da K-Jetronic, wanda ke auna mai da ƙarafa da matsi ba tare da kwamfuta ba, sai L-Jetronic ya biyo baya, sannan Motronic a 1979, wanda ya haɗa kula da mai da kula da tartsatsi a akwati guda. Wannan akwati shi ake kira ƙwaƙwalwar mota.

Ƙwaƙwalwar mota ba ta gani, ba ta ji. Kamar ta ɗan Adam, ta dogara ne da labarin da jijiyoyi ke kawo mata. Akwai na'urar da ke gaya mata yawan iskar da ta shiga, da mai gaya mata zafin ruwan inji, da mai gaya mata inda totur yake, da mai ƙidaya juyawar inji, da kuma wadda ke cikin salansa tana auna oksijin da ya rage a hayaƙi. Idan ɗayansu ta kawo labarin ƙarya, ƙwaƙwalwa za ta yanke hukuncin kuskure alhali ita lafiyarta lau. Wannan ne ya sa ake yawan sayen sabuwar ƙwaƙwalwa a banza.

Idan mota ta ƙi tashi

Tambayar farko ita ce: da aka murɗa makulli, inji ya juya ko bai juya ba? Idan bai juya ba, ko ya juya da ƙyar, to laifin ba na injekta ba ne. A duba batir, da kawunansa, da wayar da ta haɗa inji da jikin mota, da kuma sitata. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da kimanin bolt 9.6 ba yayin da ake tayar da inji. Mota mai injekta ta fi mai kafireto jin raunin batir, domin famfon mai da ƙwaƙwalwa duk da lantarki suke aiki.

Idan inji yana juyawa lafiya amma bai kama ba, sai a nemi wanda ya ɓace tsakanin mai da tartsatsi. A wasu daga cikin waɗannan motoci, idan aka buɗe makulli ba tare da an tayar ba, za a ji ɗan gurnanin famfon mai daga wajen tanki na kamar daƙiƙa biyu. In ba a ji ba, kada a yi gaggawar sayen famfo. A fara duba fiyus da rile, wato ɗan makunnin lantarkin da ke ba famfo wuta. A wasu motocin Honda na wancan zamani an san wannan rile da tsagewar dalmar da aka liƙe wayoyinsa da ita, har mota ta ƙi tashi idan ta sha rana, ta kuma tashi da yamma kamar ba ita ba.

Jin ƙarar famfo ba ya nuna cewa ƙarfinsa ya isa. Tsarin L-Jetronic da Motronic suna buƙatar matsi na wajen ba 2.5 zuwa 3, wato kusan ninki uku na matsin iskar da ke kewaye da mu, shi kuwa K-Jetronic wajen ba 5. Agogon auna matsi ne kaɗai zai faɗi gaskiya. Matsi yakan faɗi saboda matatar mai ta toshe ko famfo ya gaji.

In mai yana zuwa, sai a gwada tartsatsi. Idan babu tartsatsi kuma nozul ba sa fesawa, galibi na'urar ƙidayar juyawar inji ce ta mutu, domin muddin ƙwaƙwalwa ba ta san inji na juyawa ba, ba za ta ba da umarnin komai ba.

Lokacin da ciwon ke tashi ma babbar alama ce, kamar yadda likita ke tambayar ko zazzaɓi da dare yake zuwa ko da rana. Motar da ke wahalar tashi da sanyin safiya kaɗai, musamman a lokacin hunturu, a tuhumi na'urar auna zafin ruwa. Inji mai sanyi yana buƙatar ƙarin fetur, domin wani sashe na man yana manne wa jikin ƙarfe bai zama tururi ba. Ana gwada na'urar da mita: irin ta Bosch tana nuna kimanin om 2,500 a zafin digiri 20, ta sauko zuwa wajen om 300 a digiri 80. In ta faɗi cewa inji da zafi alhali da sanyi, mai zai yi kaɗan. In ta faɗi akasin haka, mai zai yi yawa har ya jiƙa fulogi.

Motar da ke tashi lafiya da safe amma ta ƙi tashi bayan an yi tafiya an kashe ta na 'yan mintoci, wannan kuma wani ciwo ne daban. Ya kamata matsi ya zauna a cikin bututun mai bayan an kashe inji. Idan bawul ɗin da ke hana mai komawa tanki yana yoyo, ko wata nozul tana ɗiga, matsi ya zube, zafin inji ya mai da fetur tururi a cikin bututu. Famfo kuwa sai ya kori tururin kafin mai ya iso.

A nan ya dace a ja kunnen direbobi: tattaka totur kafin a tayar da mota al'ada ce ta zamanin kafireto. A mota mai injekta ba ta ƙara ko ɗigon mai.

Idan mota ta ƙi tsayawa a sulo

Sulo shi ne halin da inji ke ciki idan an sake totur, yana juyawa sau 750 zuwa 900 a minti a yawancin motoci. Ana iya kwatanta shi da bugun zuciyar mutumin da ke hutawa. A wannan hali iskar da ke shiga kaɗan ce ƙwarai, don haka ƙaramin kuskure ma yana bayyana, alhali da ana gudu ba za a lura da shi ba.

Babban mai laifi shi ne iskar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robar da ta haɗa ma'aunin iska da bakin inji, da ƙananan tiyo-tiyon da ke kewaye da ita, suna bushewa su tsage saboda tsufa da zafi. Iskar da ta bi ta tsaga ba a auna ta ba, saboda haka ƙwaƙwalwa ba ta ba ta kason manta ba. Sai inji ya riƙa hawa da sauka ko ya mutu. Ana gano tsagar ta hanyar lanƙwasa robar a duba cikin lunguna, ko a saurari ƙarar tsotson iska yayin da inji ke aiki.

Na biyu shi ne datti. Idan totur ya rufe, iska tana bi ta wani ɗan bawul na gefe wanda ƙwaƙwalwa ke buɗewa da rufewa don daidaita sulo. Tururin baƙin mai da ƙurar hunturu suna haɗuwa su yi kauri a cikinsa har ya maƙale. Alamarsa ita ce mota ta mutu idan aka kunna na'urar sanyaya ɗaki ko aka tsaya a mahaɗar titi. Wanke bawul ɗin da bakin totur, da sauya matatar iska, sau da yawa shi ke nan maganin.

Na uku, inji yana iya karkarwa saboda silinda ɗaya ba ta aiki. A tsarin da nozul ke aiki da lantarki akwai gwaji mai sauƙi: a zare wayar nozul ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Duk wadda aka zare karkarwa ta ƙaru, silindarta lafiya take. Wadda aka zare ba a ji wani canji ba, nan ciwon yake, sai a duba fuloginta da wayarsa da nozul ɗin kanta.

Na huɗu, na'urar auna oksijin ta cikin salansa. An fara sa ta a motar Volvo a 1976. Ba ta fara aiki sai ta kai zafin wajen digiri 300, sannan ta riƙa aika sako tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ƙwaƙwalwa na ƙara mai ko ragewa bisa abin da ta faɗa. Aikinta ya yi kama da yadda jiki ke daidaita numfashi bisa sinadaran da ke cikin jini. Fetur mai dalma yana kashe ta, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su daina sayar da irin wannan fetur gaba ɗaya ba sai farkon 2006. Idan ta tsufa, mota takan yi sulo lafiya da sanyi, ta fara hawa da sauka bayan ta ɗau zafi.

Cututtukan da ake jawo wa mota

Wasu matsalolin mutane ne ke jawo su. Kanikawa da dama suna cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗau zafi, bisa zaton cewa ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Sakamakon haka inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa na digiri 80 zuwa 90 ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da zuba ƙarin mai. Haka nan yawo da tanki kusan wayam yana gajiyar da famfo, domin fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Gurɓataccen mai kuma, ko na gefen titi da aka gauraya ko irin wanda ya shigo Nijeriya da sinadarin metanol fiye da kima a Fabrairun 2022, yana lalata robobi ya toshe nozul.

Wajibi ne a kiyaye lafiya yayin duk waɗannan gwaje-gwaje. Fetur ɗin da ke cikin bututu yana ƙarƙashin matsi ko an kashe inji, don haka ba a kwance shi kusa da wuta ko taba. Ba a kuma barin inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari wadda ke kama jajayen ƙwayoyin jini ta hana su ɗaukar oksijin.

Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da mahaɗa iri ɗaya da ake jona kwamfuta ta karanto laifi. Waɗanda suka girme su kuwa, kunne da ido da mita ne kayan aiki. Duk wanda ya bi matakan nan, ya sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda ya ga sakamako kafin ya taɓa na biyu, to gwajin kimiyya yake yi kamar wanda ake koyarwa a ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Mai motar da ya nemi a auna masa kafin a saya masa, zai iya tarar da cewa abin da ya hana shi barci tiyo ne mai tsawon ɗan yatsa.