Gargaɗi: Kada a Yaye Lauyan da Bai San Tuskegee Ba

Daga 1932 zuwa 1972, Hukumar Lafiya ta gwamnatin Amurka ta riƙe baƙaƙen fata 600 a yankin Tuskegee na jihar Alabama, akasarinsu talakawa manoma, 399 daga cikinsu na ɗauke da ciwon tunjere. An ce musu magani ake yi musu, alhali an zuba ido ne a ga yadda cutar ke cin mutum har ta kai shi kabari. Fenisilin ya samu tun shekarun 1940, aka hana su. Da asiri ya tonu ne majalisa ta yi dokar 1974, wadda ta wajabta kafa kwamitocin tantance binciken da za a yi a jikin ɗan Adam da kuɗin gwamnati.

Wannan tarihi ne nake tsoron ya sulale daga azuzuwan da ake koyar da shari'ar lafiya. A 2022 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta wajabta wa makarantun lauya koyar da ɗalibai batun son zuciya da wariyar launin fata. Shekara guda bayan haka iska ta juya. A 2023 jihar Texas ta yi dokar rufe ofisoshin daidaito a jami'o'in gwamnati, Florida ta hana kashe kuɗi a kansu, sannan a Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin soke irin waɗannan shirye-shirye a gwamnatin tarayya. Tsoro kuwa ya fi doka sauri. Malamin da ke gudun rasa aikinsa ba sai an hana shi ba, da kansa zai tsallake babin.

Haɗarin yana nan ne: wariyar yau ba ta rataya allo a ƙofar asibiti. Har zuwa 2021, lissafin da likitocin Amurka ke auna ƙarfin ƙoda da shi yana ƙara wa baƙar fata maki, sai ƙodarsa ta bayyana da lafiyar da ba ta da ita, ya makara wajen shiga layin dashe. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin, binciken 2020 ya nuna ta fi kuskure a kan fata mai duhu, tana ɓoye ƙarancin iska. A 2021, mata baƙaƙe 69.9 cikin kowace haihuwa 100,000 suka rasu ta sanadin ciki da haihuwa, farare kuwa 26.6. Babu takardar da aka rubuta "a cuci baƙi" a kanta, amma gawawwakin na gaske ne.

Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2001, a shari'ar Alexander da Sandoval, wanda wata ƙa'ida ta cuta ba zai iya kai ƙara da kansa a ƙarƙashin sashe na 6 na dokar 'yanci ta 1964 ba, sai ya tabbatar da gangan aka yi. Wa zai iya wannan aiki mai wuya? Sai lauyan da aka koya wa bin sawun cuta daga ƙa'ida zuwa gadon asibiti. Irin waɗannan lauyoyi ne suka ci shari'ar Simkins a 1963, wadda ta karya izinin da dokar 1946 ta bai wa asibitoci na ware baƙaƙe da farare. Doka ce ta gina katangar, doka ce ta rushe ta, a hannun waɗanda suka san inda aka kafa harsashinta.

Kada mu ce gobarar nesa ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya haɗa yara 200, kuma 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta amince su ci gaba da ƙararsu a can, a shari'ar Abdullahi da Pfizer. Kafin nan, zargin da abin ya bari ya riga ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, yara da dama suka shanye. Magungunan da muke sha da na'urorin da ke asibitocinmu, da yawansu a can ake tantance su, kuma lauyoyin da ake yayewa yau su ne za su rubuta ƙa'idojin gobe.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantun lauya na Amurka su tsaya wa malamansu, su bar Tuskegee da Simkins a tsakiyar manhaja, su sa su a jarrabawa. 'Ya'yanmu da ke karatu a can su tambaya idan sun ga an tsallake. Tsangayoyin shari'a na Kano da Zariya da Yamai su ma su koyar da shari'ar Abdullahi dalla-dalla, domin tamu ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya fita aji bai san waɗannan mutane ba, gobe shi zai sa hannu a takardar da za ta maimaita abin da aka yi musu, kuma ba zai san ya yi ba.