Ciwon sukari: Matasa tsakanin likitan yara da na manya

Likitoci sun ce ɗaya daga cikin lokuta mafi haɗari a rayuwar yaron da ya taso da ciwon sukari shi ne sa'ad da ya girma, aka sallame shi daga sashen yara zuwa na manya.

Galibin yaran da ke da wannan cuta suna fama ne da nau'i na ɗaya, wanda jiki ke daina samar da sinadarin insulin. Mai irin wannan ciwo yana buƙatar allurar insulin kullum, muddin rayuwarsa. Kafin Frederick Banting da Charles Best su gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, irin waɗannan yara ba sa daɗewa a duniya.

Inda gizo ke saƙar

A sashen yara, iyaye ne ke riƙe da katin asibiti, su ke tuna ranar ganin likita, su ke sayen magani. A sashen manya kuwa, ana ɗaukar mara lafiya a matsayin wanda ya san ciwon kansa, kuma yawancin masu jiran layi dattawa ne masu nau'i na biyu, wanda sau da yawa ƙwayoyi da kiyaye abinci kan wadatar da shi.

Wannan sauyi yana zuwa ne daidai lokacin balaga, sa'ad da sinadaran girma ke rage tasirin insulin a jiki, har a buƙaci ƙarin awon allura. Bincike a Turai da Amurka ya nuna cewa matasa da dama kan daina zuwa asibiti na tsawon watanni bayan an mayar da su.

Ga matashin Gagarawa Tasha, ko Maigatari, ko Sule Tankarkar, akwai kuma batun nisa. Babban asibitin Gumel yana kusa, amma ganin ƙwararren likita na iya kai mutum Dutse, ko Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke da nisan kimanin kilomita 120 daga Gumel. A waɗannan shekaru ne kuma saurayi kan tafi cirani ko makarantar kwana, budurwa kuma a kai ta ɗakin miji.

Idan aka yi sakaci da allura ko da na kwana ɗaya ko biyu ne, jini na iya gurɓata da sinadarai masu guba. Alamun su ne ƙishirwa mai tsanani, da yawan fitsari, da amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi. Idan ba a gaggauta kai mutum asibiti ba, yana iya suma, har ma ya rasa ransa.

Yadda ya kamata a shirya

A shekarar 2011 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta ba da shawarar a fara shirya matashi aƙalla shekara guda kafin ranar sauyin.

Kafin a sallame shi, ya kamata ya iya yi wa kansa allura, ya auna sukarinsa, ya san sunan insulin ɗinsa da awonsa. Ya kuma gane alamun faɗuwar sukari, kamar rawar jiki da zufa da jiri, ya riƙa yawo da sukari ko dabino a aljihu.

Likitan yara ya ba shi takarda mai ɗauke da tarihin ciwon, a kuma tsayar masa da ranar ganin sabon likita tun kafin ya bar tsohon. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na kusan watanni uku, da binciken idanu da ƙoda da ƙafafu, su ci gaba ba tare da yankewa ba.

Adana magani a ƙasar zafi

Insulin da ba a buɗe ba yana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Sai dai wani bincike da Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF suka wallafa a 2021 ya gano cewa kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har makonni huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37.

Zafin bazara a arewacin Jigawa kan wuce digiri 40, don haka tukunyar ƙasa na da amfani. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sanyaya abin da ke ciki ba tare da lantarki ba.

Azumi da aure

Da zarar yaro ya balaga azumi ya hau kansa. To amma a taronta na Sharjah a 2009, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke cewa masu ciwon sukari da azumi zai jefa cikin babban haɗari su sha ruwa. Likitoci na shawartar a je asibiti makonni shida zuwa takwas kafin Ramadan, a tantance matsayin kowa.

Mace mai ciwon sukari tana iya aure ta haihu lafiya, idan aka daidaita sukarinta tun kafin ta ɗauki ciki, domin yawansa a makonnin farko na iya nakasa ɗan tayi. Hakan na buƙatar miji da danginsa su san halin da ake ciki tun kafin ɗaurin aure.

A 2022 ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya, ciki har da Najeriya, suka amince da burin cewa nan da 2030 duk mai nau'i na ɗaya zai samu insulin da kayan awon sukari a farashi mai sauƙi.