Shin Ko Kun San? Daga Ramin Dara Zuwa Allon Ches

Shin ko kun san cewa yaron da ya tashi a Kusugu ta Daura yana tsugunawa bayan dattawa 'yan dara ya riga ya yi nisa a karatun ches tun bai taɓa allonsa ba? Dara gida 30 gare ta, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan kara. Gwani tun a wurin zubi yake cin wasansa, domin yana ajiye ɗa ne da lissafin inda zai jera uku nan gaba, yana kuma toshe wa abokin karawarsa hanya. Ches gida 64 ne, 'ya'ya 16 kowane ɓangare, amma idon da ake buƙata shi ne dai wancan.

Shin ko kun san ba wata babbar dabara ke raba wasan sababbin shiga ba? Kyauta ce. Mutum ya ɗauki dokinsa ya dangwarar a gidan da za a cinye shi a banza, sai bayan ya saki hannu ya dafe kai. Kafin ka taɓa ɗa, yi wa kanka tambaya biyu: me abokina yake nufi da tafiyar da ya yi yanzu, kuma in na sauka nan wa zai iya ci na? A gasa, ɗan da ka taɓa da niyya dole shi za ka tafi da shi. A ganina, wanda ya riƙe tambayoyin nan wata guda zai wuce wanda ya haddace littafin buɗe wasa sukutum.

Shin ko kun san 'ya'yan ches suna da farashi? Dakare 1, doki 3, giwa mai tafiya a karkace 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Kada ka ba da 5 ka karɓo 3 sai da dalili.

Doki kuwa, in yana kusurwa gida 2 kacal zai iya dira, in yana tsakiyar allo gida 8. Shi ya sa ake cewa a kama tsakiya da wuri, a fito da dawakai da giwaye, a ɓoye sarki a gefe.

Shin ko kun san sarauniya ba ta kasance mai ƙarfi ba a da? A wasan Larabawa da Farisawa, shaɗaranji, ɗan da ke gefen sarki mashawarci ne mai taku ɗaya a karkace. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15, a Turai, aka mayar da shi sarauniya mai ratsa allo daga wannan baki zuwa wancan. Mu a Daura, garin Daurama da magajiyoyin da suka gabace ta, mace a kan mulki ba baƙon labari ba ne. Amma ƙarfin nan na sarauniyar ches shi ke yaudarar ɗan koyo: ya fito da ita tun a tafiya ta biyu, a yi ta korarta, abokin karawa yana fito da mayaƙansa a kowace kora. Akwai tarkon tafiya 4 da ake ɗana wa baƙi da ita, wanda ke auna dakaren da ke gaban giwar sarki, domin sarki kaɗai ke tsaronsa. Koyi toshe shi, kada ka dogara da shi.

Shin ko kun san ches ya daɗe a ƙasar nan? Kanurin Borno suna da nasu, tsatsarandi, wanda ya samo asali daga shaɗaranjin Larabawa.

Shin ko kun san daga ƙarshe ya fi kyau a fara koyo? José Raúl Capablanca na Kuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, shawarar da ya bayar ke nan. In 'ya'ya sun ragu, aikin kowanne yana fitowa fili. Ka iya kama sarki ta amfani da sarauniya, sannan da hasumiya guda, ka kuma iya raka dakare har layin ƙarshe inda zai zama sarauniya. Tun a Bagadaza, gwanaye irin su Abubakar as-Suli a ƙarni na 10 suna shirya matsalolin wasa don horar da ido. Yau dandalin Lichess yana ba da irinsu kyauta a wayar hannu. Kaɗan a kullum, da natsuwa, sun fi ɗari a guje.

Wasan da aka ci ka ma, kada ka watsar da 'ya'ya ka tashi. Rubuta tafiyarku, ku sake jera ta da wanda ya doke ka, ku nemo inda ta ɓaci.

Shin ko kun san Tanitoluwa Adewumi, yaro ɗan Najeriya, ya ci gasar yara ta jihar New York a 2019 yana ɗan shekara 8, kimanin shekara guda da fara koyo, alhali iyalinsa na zaune a gidan marasa matsuguni? Tunde Onakoya kuma ya kafa Chess in Slums Africa a Legas a 2018, yana koyar da yaran unguwannin talakawa. Ina fatan makarantun Daura su ma su ware wa wasan nan lokaci, tunda kayansa ba su da tsada. Kwali da marafan kwalba sun isa. In kun zana allon, ku tabbata gidan kusurwar hannun dama na kowane ɗan wasa fari ne, kowace sarauniya kuma ta zauna a kan launinta.