Kafin Ka Ajiye Tsohon Aikinka

Da yawa daga cikinmu a kwalejin nan ba da malanta muka fara neman abinci ba. Ni kaina shekara uku na yi ina akawu a wani kantin kayan gyaran mota a Titin Bauchi, cikin Jos, kusa da tashar mota. Tun da na zo nan abokaina na can suke ta aiko mini da tambaya, wai yaya mutum zai bar sana'a ya kama wata ba tare da ya tagayyara ba? To, ga abin da na koya wurin kakana, da wanda wuya ta koya mini.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga mutanen Jos. Kuza ce ta raya garin. Saboda ita aka jawo ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Jos cikin 1914, mutane suka yi ta kwararowa neman ƙwadago. Sa'an nan cikin watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan, kamfanonin da dā ma sun raunana suka yi ta sallamar ma'aikata. Kakana yana cikin waɗanda aka sallama. Aikinsa a wajen Bukuru shi ne kula da injin da ke janye ruwa daga ramin haƙa.

Ya ce mini waɗansu abokansa sun zauna jiran kamfani ya farfaɗo, har abin hannunsu ya ƙare. Shi kuwa sai ya tambayi kansa, "Ban da sunan ɗan kuza, me hannuna ya iya?" Ya iya inji, ya san yadda ake jan ruwa a bi da shi ta lambatu. Ga kuma tsofaffin ramukan kuza sun cika sun zama kududdufai. Sai ya yi aron fili a bakin ɗaya, ya shiga noman rani, kabeji da karas da latas, irin kayan da ake lodi a kasuwar Farin Gada. Da lambun nan ya biya kuɗin makarantar mahaifina.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka rubuta wa kowa takardar neman aiki, ɗauki fensir ka rubuta abin da ka iya. Ban ce sunan aikinka ba. Ni da na yi haka sai na ga ashe na iya riƙe littafin kuɗi, na kuma koya wa yaran kanti biyu lissafi har suka iya ba da canji. Maganar yaran nan ita na fi tsayawa a kai ran da aka kira ni ganawa, na kuwa lura ita ta fi shiga kunnen masu tambaya.

Amma fa ni ban bi hanyar kakana daidai ba. Mun sami saɓani da maigidana, zuciya ta ɗebe ni, na ajiye masa makulli na tafi, ba ni da tanadi, ban kuma nemi gurbi ko'ina ba. Wata bakwai na yi ina zaga gari, takalmi ya cinye. Kada wanda ya yi irin wannan wauta. Ka nemi sabon wuri tun kana cikin tsohon, ka tara abin da zai ci da kai wata uku ko huɗu, domin lalle a sabon aiki daga ƙasa za ka fara, albashi ma ya yiwu ya ragu.

Sai batun takarda. Mai son koyarwa ya sani NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da gwamnati ta yarda da ita, sa'an nan ya yi rajista da hukumar TRCN. Wanda ba zai iya barin aiki ya zo kwaleji ba, akwai karatun Cibiyar Malamai ta Ƙasa, watau NTI ta Kaduna, wadda aka kafa cikin 1976, ana yinsa mutum yana kan aikinsa. Mai son sana'ar hannu kuwa ya leƙa hukumar ITF, hedkwatarta ma a Jos take. Makarantu sun fi neman malamai kafin a koma cikin Satumba, don haka ka kai takardarka da ƙafarka tun Agusta, shafi ɗaya ya isa. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka aiki, ka riƙe kuɗinka.

Akwai kuma takardar shaidar hali. Ta fasto ko liman ko mai unguwa tana da amfani, amma mai ɗaukar aiki ya fi son jin bakin wanda ka yi wa aiki. Da aka nemi tawa, dole na koma Titin Bauchi tare da kawuna, na durƙusa na ba maigidana haƙuri. Sai da muka je sau uku kafin ya sa hannu.