Gobarar da ta Buɗe Ƙofar Fadar Buckingham ga Masu Yawon Buɗe Ido

Da hantsin ranar 20 ga watan Nuwamba na shekarar 1992, wuta ta tashi a wani ƙaramin ɗakin ibada da ke cikin fadar Windsor, mai nisan kimanin kilomita 35 yamma da birnin Landan. Wata fitila mai zafi ce da ta jingina da labule ta haddasa ta. 'Yan kwana-kwana sun shafe sa'o'i 15 suna fama da wutar, kafin su ci ƙarfinta kuwa ta lalata ɗakuna 115. Fadar ba ta da inshora.

Tun toka ba ta huce ba aka shiga gardama a kan wanda zai biya kuɗin gyara. Gwamnati ta ce baitulmali ne zai ɗauki nauyi, jama'a da jaridu suka yi caa a kanta. A lokacin tattalin arzikin Biritaniya yana cikin mawuyacin hali, watanni biyu ke nan da faɗuwar darajar fam, mutane suna rasa ayyukansu da gidajensu, ga shi kuma Sarauniya Elizabeth ta Biyu ba ta biyan harajin kuɗin shiga. Kwana shida bayan gobarar, Firayim Minista John Major ya shaida wa majalisa cewa Sarauniya za ta soma biyan haraji. A watan Afrilun 1993 aka sanar da abin da a da ba a ko mafarkinsa: za a buɗe fadar Buckingham ga duk wanda ya iya biyan fam 8, a yi amfani da kuɗin wajen gyaran Windsor.

An buɗe ƙofar ranar 7 ga watan Agustan 1993, kuma kimanin mutum 380,000 suka shiga a wannan karo na farko. An kammala gyaran Windsor a watan Nuwamban 1997 a kan kuɗi kimanin fam miliyan 37, wanda kashi 70 cikin ɗari na shi ya fito ne daga aljihun masu ziyarar fadojin biyu. Shirin na shekara biyar aka tsara shi. Da wa'adin ya cika babu wanda ya kawo maganar rufe ƙofa, domin an ɗanɗana an ji zaƙi.

Fadar Buckingham tana da ɗakuna 775, amma 19 daga ciki, watau ɗakunan karɓar baƙi da bukukuwan sarauta, su ne mai tikiti yake zagayawa, na tsawon makonni kamar goma a kowace shekara, daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da iyalan gidan sarauta suke hutu a Sikotilan. Zai ga ɗakin karagar mulki, da zauren zane-zane inda aka rataye ayyukan Rembrandt da Rubens da Canaletto, da kuma babban zauren liyafa da ake karrama shugabannin ƙasashe, irin karramawar da aka yi wa Janar Yakubu Gowon a 1973, da Alhaji Shehu Shagari a 1981, da Janar Ibrahim Babangida a 1989. Daga nan sai a fito da shi ta lambun fadar mai faɗin eka 39. Hanyar fita kuwa an bi da ita ta gaban kantin sayar da kayan tsaraba, inda ake cinikin kofunan shayi da tawul da biskit masu tambarin sarauta. Wannan ba kuskure ba ne; cinikin kantin wani babban ɓangare ne na kuɗin da ake samu. Yau tikitin babban mutum ya haura fam 30.

Kuɗin ba aljihun Sarki Charles na Uku suke shiga ba. Wata gidauniya ce mai suna Royal Collection Trust, wadda aka kafa a 1993, take karɓa, tana kashewa wajen kula da kayan tarihin gidan sarauta da yawansu ya zarce miliyan ɗaya. Fadojin da aka daina zama a cikinsu kuwa, kamar Hasumiyar Landan da Hampton Court da sashen baƙi na fadar Kensington, suna hannun wata gidauniyar dabam, Historic Royal Palaces, wadda tun 1998 take cin gashin kanta, tana dogaro da kuɗin tikiti da ciniki da gudummawa. Hasumiyar Landan ce uwa ma ba da mama a cikinsu. Kusan mutum miliyan uku ke shiga cikinta a shekara, akasarinsu don ganin kambunan sarauta da duwatsu masu daraja, har da lu'ulu'un Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905 da kuma Koh-i-Noor wanda Indiya ta daɗe tana neman a mayar mata.

Raunin wannan tsari ya bayyana a 2020. Da annobar korona ta sa aka rufe ƙofofi, masu ziyarar fadojin da ke ƙarƙashin Royal Collection Trust suka ragu daga fiye da miliyan uku zuwa ƙasa da 200,000 a shekara guda. Gidauniyar ta ci bashin banki, ta kuma rage ma'aikata. Ita kuwa Historic Royal Palaces sai da gwamnati ta ranta mata fam miliyan 40. Ashe mai cin gashin kansa ma yana da ranar komawa gidan uba.

Bugu da ƙari, tikiti bai taɓa ɗauke nauyin ginin fadar Buckingham kansa ba. Wayoyin lantarki da bututun ruwa da na ɗumama ɗakuna da ke ciki, yawancinsu tun shekarun 1950 aka saka su, kuma masana sun yi gargaɗin cewa abin da ya sami Windsor zai iya maimaita kansa. Saboda haka a 2017 aka soma aikin sabunta su na shekara goma a kan fam miliyan 369, daga kason da gwamnati ke bai wa gidan sarauta cikin ribar kadarorin masarauta. An ɗaga kason daga kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari domin wannan aiki. Abin da jama'a suka samu a madadin haka shi ne ƙarin ƙofofi: a watan Yulin 2024 an fara shigar da baƙi sashen gabas na fadar, har ɗakin da ke bayan barandar da Sarki yake tsayawa ya ɗaga wa jama'a hannu. Fam 75 ne kuɗin tikitin, kuma cikin sa'o'i kaɗan ya ƙare.

Lambunan sarauta nasu lissafin dabam ne. Manyan filayen shaƙatawa takwas na birnin, irin su Hyde Park da St James's Park da Regent's Park, kyauta ake shiga, ana samun kuɗin kula da su daga hayar fili ga masu shirya bukukuwan kiɗa da kasuwar hunturu, da kuma wuraren shan shayi. Lambun Kew, wanda Gimbiya Augusta ta assasa a 1759, shi kam biya ake yi. Kwabo ɗaya aka sa masa a 1916, yanzu ya wuce fam 20. Mai sha'awar tarihin kasuwanci ya fi kowa cancantar biyan wannan kuɗi, domin Kew ba wurin kallon furanni kawai ba ne. A 1876 an kawo irin itacen roba guda 70,000 daga Barazil aka shuka a can, 'yan dubban da suka tsiro aka aika da su Silon da Malaya, daga nan kasuwar roba ta duniya ta bar hannun Barazil ta koma Asiya. Tashoshin gwajin tsirrai da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Ikko a 1887 da Aburi ta ƙasar Ghana a 1890, da shawarar Kew da ma'aikatanta aka tafiyar da su.

Inda lissafin ya juya gaba ɗaya shi ne gidajen adana kayan tarihi na ƙasa. Gidan tarihin Biritaniya, wanda aka kafa a 1753 aka buɗe a 1759, yana riƙe da kayayyaki kimanin miliyan takwas, kuma ba a biyan ko sisin kwabo a ƙofarsa. A shekarun 1980 da 1990, da gwamnati ta matse bakin aljihu, wasu takwarorinsa sun sa kuɗin shiga: gidan tarihin halittu a 1987, na kimiyya a 1988, na Victoria da Albert a 1996. Jama'a suka ja da baya. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta soke kuɗin daga ranar 1 ga watan Disamban 2001, bayan ta gyara dokar harajin kayan masarufi yadda gidan tarihin da ba ya karɓar kuɗi zai iya neman a mayar masa da harajin da ya biya a kan sayayyarsa. Cikin shekara guda masu ziyarar gidan Victoria da Albert suka ninka. A 2024 mutum kusan miliyan shida da rabi ne suka shiga gidan tarihin Biritaniya.

Hujjar masu goyon bayan wannan tsari ta kasuwanci ce tsantsa. Baƙon da ya shiga kyauta ai ya riga ya biya kuɗin jirgi da na otal, zai ci abinci, zai hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, zai leƙa kantunan titin Oxford. A 2019 an kai wa Biritaniya ziyara miliyan 40.9 daga ƙasashen waje, baƙin suka kashe fam biliyan 28.4, kuma fiye da rabin ziyarar ta haɗa da Landan. Sai dai ribar tana zuwa ga masu otal da kantuna ne, ɗawainiyar rufin da ke yoyo kuwa tana kan gidan tarihi. Shi ya sa gidajen suke sa kuɗi mai tsoka a kan nune-nune na musamman, suke ajiye akwatin gudummawa a bakin ƙofa, suke kuma bin kamfanoni. A watan Disamban 2023 gidan tarihin Biritaniya ya ƙulla yarjejeniyar fam miliyan 50 ta shekara goma da kamfanin mai na BP domin gyaran gininsa, duk da ƙorafin masu rajin kare muhalli.

Masu cewa sarauta ce ke jawo baƙi suna da abin da za su amsa a nan. Faransa ta daɗe da rabuwa da sarakuna, amma fadar Versailles tana karɓar mutum kimanin miliyan takwas a shekara, ninkin-ba-ninkin abin da Buckingham ke samu, saboda dalili mai sauƙi: babu mai kwana a ciki, don haka a buɗe take kusan duk shekara.

Yanzu maganar da ake tafkawa ita ce ko a bar ɗan ƙasa ya shiga kyauta, baƙo ya biya. A 2024 Sir Mark Jones, wanda ya riƙe shugabancin gidan tarihin Biritaniya na wucin gadi, ya ba da shawarar a riƙa karɓar fam 20 daga baƙin ƙetare. A watan Janairun 2025 Shugaba Emmanuel Macron ya sanar da ƙarin kuɗin shiga gidan tarihin Louvre ga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Ga ɗan Nijeriya, shawarar ta Landan tana da ɗaci na musamman. Gidan tarihin Biritaniya yana riƙe da kayayyaki kimanin 900 na masarautar Benin, yawancinsu waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a harin 1897, kuma ɗaya daga cikin hujjojin da ake kafawa na ci gaba da riƙe su ita ce duk duniya na iya zuwa ta gani kyauta. Gidan tarihin Horniman da ke kudancin birnin ya miƙa wa Nijeriya mallakar kayayyaki 72 a watan Nuwamban 2022. Shi kuwa babban gidan yana kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana amintattunsa rabuwa da abin da ke hannunsu, kuma har yanzu majalisa ba ta sauya ta a kan wannan batu ba.